Rubutu don Jin Daɗin Kai, a Littafi da a Waya: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da suka fi fitowa daga bakin masu rubutu don kansu: mai rubuta abin da ya faru da shi a yini, mai gajerun labarai, mai waƙa, da wanda kawai ba ya son tunani ya zo masa ya wuce. Ba sana'ar rubutu ake magana a kai ba. Abin da muka fi damuwa da shi shi ne rubutun ya ɗore, kuma abin da aka rubuta kada ya salwanta.

A littafi zan fara ko a waya?

Kowanne da aikinsa, kuma wanda ya daɗe yana rubutu yakan ƙare da amfani da su duka. A takarda hannu ba ya sauri, ba a goge jimla da taɓawa ɗaya, babu saƙon da zai faɗo ya katse maka tunani. Saboda haka ne daftarin farko ya fi tafiya a littafi: ka rubuta, ka soke da layi, ka wuce. A waya ko kwamfuta kuwa gyara ne ke da sauƙi. Za ka ɗauke sakin layi daga ƙarshe ka kai shi farko, ka nemo kalma ɗaya cikin shafi ɗari, ka yi kwafi goma cikin daƙiƙa. Wannan sauƙin shi ne kuma tarkonta, domin mutum sai ya shafe awa yana gyara jimlar farko bai kai ga ta biyu ba.

Shawararmu ita ce a yi tunani a takarda, a yi gyara a kwamfuta, waya kuma ta zama abin kama abin da ya zo a kan hanya. Wanda ke rubuta dogon labari mai babi talatin, ko wanda hannunsa ke ciwo, babu laifi ya fara kai tsaye a na'ura.

Wane irin littafi ya dace in saya?

Abu huɗu ake dubawa: girma, nauyin takarda, layi, da yadda aka haɗa shi.

Girman da ya fi dacewa da yawancin mutane shi ne A5, wato milimita 148 a faɗi da 210 a tsawo. Yana shiga jaka, kuma shafinsa ba ya tsorata mai farawa. A4, mai milimita 210 da 297, na kan tebur ne, ya dace da tsara dogon aiki. A6, mai 105 da 148, na aljihu ne, amma dogon rubutu a cikinsa yana gajiyar da hannu saboda yawan juya shafi.

Nauyin takarda ana rubuta shi da giram a kowace murabba'in mita, sau da yawa a bayan bango. Takardar da ake buga aiki da ita a ofis yawanci giram 80 ce, kuma ta isa ga biro da fensir. Ƙasa da 70, rubutun baya zai riƙa leƙowa. Mai amfani da tawada mai ruwa ya nemi 90 zuwa 120. Sai dai nauyi ba shi kaɗai ba ne, domin yadda aka gyara fuskar takardar ma yana da tasiri: akwai mai kauri da ke shan tawada ta bazu, akwai siririya mai santsi da ke riƙe ta. Hanyar sani ita ce gwaji. Buɗe shafin ƙarshe, ka rubuta layi ɗaya da kowane abin rubutun da kake da shi, ka duba abu uku: ko gefen haruffa ya yi gashi-gashi, ko tawada ta ɓulla ta baya, ko inuwarta ce kawai ake gani. Inuwa ba komai ba ce. Ɓulla kuwa tana cinye maka rabin littafin.

Tazarar layi kan zama milimita 6, 7 ko 8. Mai ƙananan haruffa ya ɗauki 6, mai manyan haruffa 8. Akwai masu ɗigo-ɗigo a tazarar milimita 5, waɗanda suka dace da mai haɗa rubutu da zane ko jadawali.

Haɗi shi ne abin da aka fi mantawa da shi, alhali shi ke nuna ko littafin zai kai shekara goma. Wanda aka ɗinke da zare ya fi ƙarko, kuma yana buɗewa ya kwanta. Buɗe tsakiyar ɗaurin shafuka, in ka ga zare to ɗinki ne. Wanda gam kaɗai ya riƙe shi, idan gam ɗin ya bushe sai shafuka su fara zubewa ɗaya bayan ɗaya. Mai murɗaɗɗiyar waya yana da daɗin naɗewa, amma ramukan suna yagewa kuma wayar tana lanƙwashewa a jaka. Wanda aka maƙale da 'yan ƙarafa a tsakiya, danshi na sa su tsatsa, tsatsar ta ci takardar da ke kewaye da su.

Biro, fensir ko alƙalami mai shan tawada?

Biro na gama-gari tawadarsa mai maiƙo ce. Ba ta cika ɓulla ba, ruwa ba ya saurin wanke ta, amma sai an danna, kuma dannawar ce ke gajiyar da hannu. Biro mai tawadar jel da alƙalami mai shan tawada suna tafiya ba tare da dannawa ba, sai dai suna jinkirin bushewa. Bahago da ke rubutun boko zai riƙa shafa hannunsa a kan abin da ya rubuta, haka ma mai rubutu da dama idan ajami yake yi. Irin waɗannan su nemi bakin biro siriri, milimita 0.5 maimakon 0.7 ko 1.0, domin tawadar da yake zubarwa kaɗan ce, tana saurin bushewa.

Idan ana son rubutu ya daɗe, a san cewa tawada iri biyu ce. Akwai ta rini, wadda launinta ke narkewa cikin ruwa. Tana da kyan gani amma haske na koɗar da ita, ruwa na wanke ta. Akwai mai garin launi, wadda ƙwayoyinta ke maƙalewa a jikin takarda. Ita ce mai juriya. Biron da aka rubuta ISO 12757-2 a jikinsa ko a kwalinsa an gwada shi don takardun da ake son su daɗe. In babu wannan alama, yi gwajinka: rubuta layi, bar shi ya kwana, ɗiga masa ruwa. Sannan ka rufe rabin wani layin da kwali, ka ajiye a taga wata guda, ka kwatanta.

Fensir ba ya koɗewa ko bayan shekaru masu yawa, amma yana gogewa idan shafuka na gugar juna. HB ya fi 2B tsabta ta wannan fuska.

Abu ɗaya muke jan kunne a kansa sosai: biro mai goguwa. Tawadarsa ba gogewa take yi ba, zafin gugar ne ke ɓoye launinta, a wajen digiri 60 na ma'aunin Salshiyas. Littafin da aka manta a mota cikin rana zai iya komawa fari fat. Sanyin da ya kai digiri 10 ƙasa da sifiri yakan dawo da rubutun, don haka firiza na iya ceto, amma har abin da ka goge da gangan zai dawo tare da shi, kuma ba lallai ya fito da kyau ba. Kada a rubuta abin ajiya da shi. Haka kuma kada a zuba tawadar zane a alƙalami mai shan tawada, tana daskarewa ta toshe shi.

Na sayi littafi mai kyau, amma na kasa ɓata shafin farko. Yaya zan yi?

Tsallake shi. Dama za ka buƙaci shafuka huɗu na farko don fihirisa, wato jerin abin da ke cikin littafin da lambar shafinsa. Fara a na biyar, ka rubuta kwanan wata da inda kake zaune, ka ga an riga an fara. In har kyan littafin ne ke hana ka, ajiye shi ka ɗauki na 'yan makaranta.

Me zan rubuta idan kaina babu komai?

Yawanci ba rashin abin faɗa ba ne, neman babban abu ne. Sauko ƙasa. Rubuta magana ɗaya da ka ji wani ya faɗa yau, daidai yadda ya faɗe ta, da irin kalmominsa. Siffanta hannun wani tsoho da ka sani. Ɗauki abin da ya ba ka haushi ka rubuta shi ta bakin wanda ya yi maka. Bayyana yadda ake wani aiki da ka iya, daki-daki, kamar kana koya wa yaro. Duk waɗannan suna tilasta maka duba abu na zahiri, kuma a nan rubutu ke samun nama. “Na ji daɗi yau” ba za ta tuna maka komai ba bayan shekara biyar. Wanda ya zo, abin da ya ce, da abin da ke hannunsa, su ne za su dawo maka da ranar.

Wata dabara mai amfani: kada ka tashi sai ka san jimlar da za ka fara da ita gobe. Rubuta rabinta ka bari.

Kalma nawa ya kamata in rubuta a rana?

Ƙanƙanin abin da ba za ka iya cewa ba ka da lokacinsa ba. Shafin A5 mai tazarar milimita 7 yana da layi wajen 26, yana ɗaukar kalma 150 zuwa 200 gwargwadon hannun mutum. Kalma 200 kullum, a shekara 73,000 ke nan, tsawon cikakken littafi. Littafin rubutu mai shafi 192 zai kai ka wata shida da 'yan kwanaki. Abin da ke kashe himma shi ne ɗaukar alkawarin shafi biyar, a cika kwana uku, a fasa na huɗu, a ji kunya a daina. Haɗa rubutun da wani abu da kake yi kullum a lokaci ɗaya, ka bar littafin da biro a inda za ka gan su. Ranar da ta kuɓuce ba a ramuwarta, ci gaba kawai ake yi.

Littattafaina sun yi yawa, ba na iya gano abin da na rubuta. Akwai tsari?

Akwai, kuma ba ya cin minti biyar a mako. Sa wa kowane littafi lamba a ƙashin bayansa, da ranar farawa da ta gamawa. Sa wa shafuka lamba. In ka gaji, shafukan dama kaɗai sun isa, 1, 3, 5. Kowane rubutu ya fara da cikakken kwanan wata, har da shekara, domin shekarar ce ake mantawa. A ƙarshen mako ka koma shafukan fihirisa ka rubuta batu da lambar shafinsa. Idan labari ya katse a shafi na 40 ya ci gaba a na 57, rubuta 57 a ƙasan na 40, ka rubuta 40 a saman na 57.

Da littattafai sun haura biyar, kwashe fihirisarsu duka ka zuba a fayil ɗaya a waya, kana nuna wuri kamar haka: 3/57, wato littafi na uku, shafi na 57. Daga nan bincike ɗaya zai gaya maka littafin da za ka ɗauko.

Me ya sa ɓ, ɗ da ƙ ke komawa akwati ko wata alama idan na tura rubutu?

Dalili biyu ne, kuma maganinsu daban. Na farko, harafin daidai yake amma salon haruffan da ke na'urar mai karɓa ba shi da shi, sai ya nuna ɗan akwati. Rubutun bai lalace ba; a canza salon zuwa irin su Noto Sans, Charis ko Andika, zai fito. Idan fayil ne za a buga, a mayar da shi PDF kafin turawa.

Na biyu ya fi muni. Wasu tsofaffin salon haruffa ba su da harafin na gaskiya, sun ɗauki wata alama ce suka yi mata zanen ƙugiya. Da an canza salo sai ka ga }asa a wurin ƙasa, ]aya a wurin ɗaya. A nan sai an yi amfani da nema-da-musanyawa, kowace alama a maye ta da harafinta na tsarin Unicode, wato tsarin haruffa na bai-ɗaya da na'urori ke amfani da shi, manya da ƙanana daban-daban. A yi wannan a kan kwafi, a kuma ajiye fayil ɗin a tsarin UTF-8.

A waya, madannai irin su Gboard suna da Hausa a jerin harsunansu. A ƙara ta. Wannan zai kuma rage ɓarnar mai gyara kalma da kansa, wanda in an bar shi a Turanci yakan sauya kalmomin Hausa ba tare da ka lura ba. In ya ci gaba da damunka, kashe shi gaba ɗaya. Ka kuma tsaya a kan hanya ɗaya: in yau ka sa ƙugiya gobe ka bari, bincike ba zai haɗa maka su ba. Haka batun 'y da ƴ, na farko aka saba da shi a Nijeriya, na biyu a Nijar. Zaɓi ɗaya ka riƙe.

Wace manhaja ta fi?

Wadda za ta bar ka ka fita da rubutunka. Kafin ka zuba mata aikin shekara, rubuta abu uku ka gwada fitar da su a matsayin fayil na txt ko docx. In babu hanya, ko sai ɗaya-ɗaya, nemi wata. Duba kuma ko tana aiki ba tare da intanet ba, da ko tana ajiye tarihin gyare-gyare, kamar yadda Google Docs ke yi, don ka iya komawa ga yadda rubutun yake jiya.

Fayil na txt, wato zallar rubutu marar ado, shi ne mafi dogon rai. Kowace na'ura na buɗe shi, kuma kalma 100,000 ba su kai megabait ɗaya ba. Ka fara sunan fayil da shekara, wata, rana, misali 2025-03-14-sunan-labari, sai su jera kansu. Sunaye irin “na ƙarshe” da “na ƙarshen gaske” ruɗani suke kawowa. Sa lamba 1, 2, 3.

Tura wa kai saƙo a WhatsApp yana da amfani wajen kama tunani, amma ba ma'ajiya ba ce. Kwashe abin da ke ciki duk mako.

Tunda na sa a intanet, ai ba zai ɓace ba ko?

Zai iya, kuma ya sha faruwa. An rufe GeoCities a Amurka a 2009 da ɗimbin shafukan mutane a kansa. Google+ ya rufe a Afrilun 2019. A shekarar ce kuma Myspace ya sanar da cewa ya rasa waƙoƙin da aka ɗora masa cikin shekaru fiye da goma, wajen sauya ma'ajiya. Yahoo Groups ya tsaya a Disambar 2020. Ban da rufewar dandali, akwai rufe asusu, kutse, da manta kalmar sirri. Google ma tun Disambar 2023 yana da damar share asusun da aka yi shekara biyu ba a taɓa shi ba.

Ƙa'idar da masu adana bayanai ke bi ita ce 3-2-1: kwafi uku, a kan abin ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban. Ga mai rubutu, wannan na nufin ɗaya a kwamfuta ko waya, ɗaya a filash ko faifan ajiya na waje, ɗaya a ma'ajiyar intanet. Wurin kyauta ya isa ya yi yawa, domin Google na ba da gigabait 15, iCloud na ba da 5. A lura da abu biyu. Manhajar da ke daidaita na'urorinka ba ajiya take yi ba: in ka share a waya, ta share ko'ina. Filash da katin memori kuma ba na jefawa a durowa shekara da shekaru ba ne, suna iya mutuwa ba sallama; a riƙa sabunta kwafin, a kuma buɗe fayil ɗaya ko biyu a tabbatar suna karantuwa.

Kada ka rubuta dogon abu kai tsaye cikin akwatin wallafa na wani dandali. Shafin na iya sabunta kansa ya tafi da komai. Rubuta a fayil, sannan ka kwafa ka liƙa. Abin da ka riga ka wallafa kuwa, Facebook na da wurin sauke bayananka a saituna, Google na da Takeout. Yi hakan sau biyu a shekara. Abin da ka fi ƙauna, buga shi a takarda.

Yaya zan mayar da abin da ke littafi zuwa kwamfuta?

Hoto na ajiya ne, bugawa da hannu ta gyara ce. Don hoto, shimfiɗa littafin kusa da taga da rana, kashe fitilar kyamara, riƙe wayar daidai saman shafin ba a karkace ba, ka tabbata lambar shafi ta fito. In da na'urar sikana ce, ɗigo 300 a kowane inci ya isa. Haɗa hotunan kowane littafi a PDF ɗaya mai lambarsa.

Manhajojin da ke karanta hoto su mayar da shi rubutu suna ƙoƙari da bugaggen rubutu, amma da rubutun hannu na Hausa sukan zubar da ƙugiya su kuma haɗe kalmomi, sai ka bi layi-layi kana gyarawa. Mu dai mun fi son a zauna a buga da hannu abin da ya cancanta kaɗai, bayan ya yi mako biyu ko fiye yana hutawa. Wajen bugawar ne za ka ji jimlar da ta yi nauyi, ka ga maimaicin da ba ka gani ba. Ja layi a kusurwar shafin da ka gama, don kada ka maimaita.

A ina zan adana tsofaffin littattafai, kuma me zan yi idan ɗaya ya jiƙe?

Maƙiyan takarda su ne danshi, zafi, haske da ƙwari. Fumfuna na samun wurin zama idan danshin iska ya haura kashi 65 cikin ɗari. A ajiye littattafai a kwali mai murfi, a kan kanta, nesa da ƙasa da bangon da ke jiƙa, ba ƙarƙashin rufin da ke ɗaukar zafi ba. Leda da aka ɗaure tam tana kulle danshi a ciki, sai in littafin a bushe yake sarai kuma an sa 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima. A buɗe kwalin duk bayan 'yan watanni a duba gara, kyankyasai da ɓeraye. A cire zoben roba da ƙarfen maƙale takarda. Kada a liƙe yagewa da salatif, gam ɗinsa na rikiɗa ya bar tabon da ba ya fita. Takardar da aka rubuta mata ISO 9706, ko aka ce ba ta da sinadarin asid, ba ta saurin yin ja ta karye kamar ta jarida.

In littafi ya jiƙe, fara ɗaukar hoton shafukan da ke buɗuwa, musamman in tawada ta fara gudu. Kada ka goga, kada ka ɓamɓare shafukan da suka manne. Sa farar takarda mai tsotsar ruwa tsakanin kowane shafi ashirin ko makamancin haka, kana canza ta idan ta jiƙe, ka kunna fanka a ɗakin. Rana da dutsen guga suna murɗe takarda. Idan ya kusa bushewa, rufe shi ka ɗora masa nauyi. Fumfuna na iya tasowa cikin kwana biyu, saboda haka in ba za ka samu yin wannan da wuri ba, naɗe shi ka sa a firiza har ka samu lokaci.

Ina tsoron wani ya karanta sirrina.

Tsoron yana da tushe, kuma yana ɓata rubutu, domin mai jin ana leƙensa ba ya faɗin gaskiya. Raba littattafai biyu: na ayyukan da za a iya gani, da na sirri wanda ke zama a kulle. Bango marar ado ya fi kwaɗon ado tsaro. A na'ura, sa wa wayar makulli, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a asusunka, ka rubuta lambobin ceto a takarda ka ɓoye, saboda ranar da layin waya ya ɓace. Manhajar da ke rufe rubutu ta yadda kamfanin ma ba ya iya karantawa ta fi tsaro, amma in ka manta kalmar sirri babu mai buɗe maka. Kada ka yi rubutun sirri a kwamfutar wurin aiki. Ka kuma yanke shawara tun yanzu a kan abin da za a yi da littattafan bayan ranka, ka rubuta a cikin bango, ka gaya wa wanda ka amince da shi.

Idan na wallafa a intanet, wani zai iya sace min?

Kwafa dai zai iya, babu fasahar da ke hanawa. Amma haƙƙin mallaka naka ne tun lokacin da ka rubuta. Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda ƙasashe sama da 180 ke cikinta, ba ta sharɗanta rajista ba, kuma mafi ƙarancin kariyar da ta tanada ga rubutu shi ne tsawon ran marubuci da shekara 50 bayansa. Abin da ake karewa shi ne yadda ka faɗi abu, ba ra'ayin kansa ba. Hujjarka ita ce daftarinka mai kwanan wata, kuma a nan tsohon littafi mai soke-soke ya fi tsabtataccen fayil ƙarfi. Manyan dandali suna da fom na kai ƙarar satar fasaha.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, gasa da mujallu da yawa ba sa karɓar abin da aka taɓa wallafawa, kuma sa shi a shafinka na sada zumunta ma wallafawa ce a wurinsu. Labarin da kake sa ran turawa wani wuri, riƙe shi. Sannan duk abin da ya shafi wani mutum na gaske, canza suna kaɗai ba ya ɓoye shi ga waɗanda suka san ku. Bar irin wannan rubutu ya kwana, ka sake karantawa da safe. Abin da ka goge bayan minti biyar, wataƙila wani ya riga ya ɗauki hotonsa.

Gaskiya ne rubuta damuwa yana rage ta?

Akwai bincike a kai. A 1986 masanin halayyar ɗan Adam James Pennebaker, a Amurka, ya sa ɗalibai su riƙa rubuta abin da ya fi ƙona musu rai na minti 15, kwana huɗu a jere. An maimaita irin gwajin sau da yawa bayan haka. Abin da aka gani shi ne mutane da dama sukan ji nauyin zuciya da sun gama, amfanin kuma yana zuwa daga baya, matsakaici ne, kuma ba kowa ke samunsa ba. Mai son gwadawa ya sa lokaci, ya rubuta abin da ya faru tare da abin da ya ji, ya tsaya idan lokacin ya cika. Idan ka ga kullum abu ɗaya kake juyawa yana ƙara maka ƙunci, ko barci ya ƙaurace maka, ajiye biron ka nemi likita ko wanda za ka yi magana da shi.

Hannuna na ciwo bayan shafi biyu. Laifin me ne?

Galibi matsi ne. Juya shafin ka shafa bayansa: in ka ji haruffa sun taso, kana dannawa fiye da kima. Koma biron jel mai milimita 0.7 ko alƙalami mai shan tawada, mai ɗan kauri a wurin riƙo, ka riƙe shi kamar santimita biyu zuwa uku daga baki. Karkata littafin kaɗan, gwiwar hannu ta samu madogara a kan tebur, ka bar damtse ya riƙa jan hannun maimakon yatsu su yi aikin duka. Duk minti 20 ajiye biron ka buɗe yatsu ka rufe. Mai rubutu a na'ura ya yi amfani da wannan hutun ya kalli wani abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20, don ido ya saki. Wanda ke buga dogon rubutu da manyan yatsu biyu a waya ya nemi ƙaramin allon madannai da ake haɗawa da ita, ya jingine wayar daidai ido. Ciwon da ke tafe da mutuwar yatsu ko jin tsira-tsira, musamman wanda ke tada mutum da dare, na likita ne, canza biro ba zai warkar da shi ba.